Hannun Sahiya Yana Ɗaure

Tun ranar da Sahiya ta zame a bakin pampo
aka ɗaure mata hannun dama har gwiwa,
wankin gidanmu ya faɗo wuyana.
Ni Arzika, mai gyaran babur a nan Tawa,
na san sunan kowane ƙarfe a cikin inji,
ban san inda sabulu ke kwana a gidana ba.

Ta sa aka ja mata tabarma gindin bedi,
ta zauna kamar mai koyar da karatu.
Ta ce, kafin ruwa, aljihu.
A wandon Isufu na tarar da ƙusa,
da magarya uku, da biro mai yoyo.
A nawa, jikka guda, a naɗe,
wadda na rantse yaran shago sun ɗauke.
Ta miƙo hannun hagu:
kuɗin makaranta, in ji ta.

Fari da fari, mai rini da ɗan uwansa.
Na ce duk ba tufa ba ce?
Ba ta ce mini kanzil ba.
Jan zanenta ya kwana da farar rigata,
Juma'ar nan na je masallaci
da launin cikin kankana.

Daga nan na buɗe kunne.
Sabon zane shi kaɗai yake wanka,
da ɗan gishiri, kafin ya shiga jama'a.
Jini ba ya son ruwan zafi,
tsatsa tana gudun lemun tsami da rana.
Kayan aikina masu baƙin mai
bokitinsu daban, can nesa,
toka da sabulu da ruwa mai ɗumi,
a bar su su yi shawara har safe.
Wuyan riga da bakin hannu
su ake fara gaisarwa,
sauran jiki ba ya gardama.

Ruwan unguwarmu yakan zo ƙarfe uku na dare
in ya ga dama.
Don haka ta ce, jiƙa ka kwanta,
dare ya yi maka rabin cuɗa.
Ɗaurayar ƙarshe kada ta sha ƙasa,
ita ce ruwan farko na baho na biye,
abin da ya rage kuma rabon bedi ne.

Guntayen sabulu da nake shurewa
ta ce in tara cikin tsohuwar safa.
Sun kai mu kwana tara.
Bargo kuwa ba aikin hannu ba ne:
Balki da Isufu suka shiga baho da ƙafa,
suna tattaki suna ihu,
dauɗa na fita, ni ina shan shayi.

Kaɗe riga sau uku kafin igiya.
Juya cikinta waje,
don ranar Adar tana cin launi
kamar yadda akuya ke cin takarda.
Kwashe da sauran ɗumi, ninke,
tura ƙarƙashin katifa,
nauyin barcinka ya zama guga.

Mantau ya leƙo ta katanga yana dariya,
wai an mai da ni ɗan wanki.
Kwana biyu ya biyo ni shago,
ya rage murya:
tabon mai fa, da me ka ce?

Jiya aka kwance mata hannu.
Siriri ya fito, fari fat,
kamar abin da aka jiƙa sati shida.
Ta ce, to, ka huta.
Na ce to.
Amma da pampo ya yi tari cikin dare
ni na riga ta tashi.
Ina tara ruwa, na dubi faratana a hasken fitila:
shekara ashirin rabona da in gan su haka.